Ƙwallon Goruba

A shagon cajin Ɗan'asabe, bakin kasuwar Miga,
mu goma sha ɗaya muka taru kan waya guda,
gilashinta a tsattsage kamar fadama da rani.

Ga Hansai can, lamba bakwai,
a filin da bai taɓa ganin akuya ba,
shuɗi fes, har ruwa ake yayyafa masa,
mu ko tun asuba muna layin famfo.

Ni na san wannan sunkuyon.
Na shara ne, na roron gyaɗa bayan girbi.
Sandarta ta fari reshen kanya ne mai lanƙwasa,
ƙwallo na goruba, bayan mun gwaigwaye ta,
raga tsakanin turmi biyu.
Ta taɓa fasa wa Inna tulu,
ta sha faɗa, washegari ta koma.

Yanzu ta kutsa, ta wuce biyu, ta ɗaga sanda,
sai data ta ƙare.

Tsit. Ɗan zobe na ta juyawa.

Inna ta gyara mayafi, ta miƙe:
"Ta ci. Wadda ta sami tulu daga bakin zaure
ba ta kuskuren raga."