Albasar Ajiwa a Ƙarƙashin Madubi

Ranar Laraba Baba Gide ya zo biyan kuɗin jarrabawa,
taɓon Ajiwa bai gama bushewa a dugadugansa ba.
Ya same mu a ɗakin gwaji.
Malam Mannir ya ce, shigo ka ga amfanin gonarka.

Na sale tantanin albasa, siriri kamar yanar kunu,
na shimfiɗa a gilashi, ɗigon ruwa, ɗigon aidin.
Baba ya kanne ido ɗaya
irin na mai duba miƙewar kunya.

Ya daɗe.
Ya ce, "Wanga ai gari ne.
Ɗaki jikin ɗaki, ko lungu babu.
Wa ya buga masu tubali?"

Na ce, su suka yi abinsu.
Kowace ƙwaya da katangarta,
irinta ke tsayar da karan dawa a gaban iska.
Daga ciki akwai labule
wanda ba ya gyangyaɗi, ba ya karɓar goro:
wani ya wuce, wani ya kwana a waje.

"Wancan baƙin ɗigon fa?"
Maigidan ke nan, takardun gado na hannunsa,
shi ya sa albasa ba ta taɓa haihuwar tafarnuwa ba.
"To mi ya kai maigida jikin bango?"
Randa ce ta ture shi, ta cinye tsakar ɗakin.
In ta cika, ganye ya miƙe,
in ta yi ƙasa kuwa...
"Bari, ɗiyata, na sani.
Azahar, ran da injin ban-ruwa ya ƙi tashi."

Ya nemi kore bai gani ba.
Mai kwana cikin ƙasa ina ruwanta da rana?
Sai Malam ya yanko lawashi.
Ga su nan, 'yan tukwane koraye
suna dafa haske da ruwa da iska,
ba itace, ba hayaƙi,
su tura girkin ƙasa, kan albasa ya tara.
Akwai wasu murahun ma, in ji Malam,
madubinmu ne bai kai gare su ba.

Baba ya ɗago, idonsa da ruwa,
ya ce yajin albasa ne.
"Shekara talatin ina cika baki
ni kaɗai ke aiki a gonar nan."

Ya sa ragowar albasar a aljihu, ya fita.
Kuɗin jarrabawar kuwa,
sai ranar Alhamis ya tuna.