Jan Zare a Kan Taswira

Oddvar ya ture kofunan gahawa gefe,
ya shimfiɗa tsohuwar taswirarmu
wadda gaɓoɓinta duk sun sha salatif.
Janairu ne a Mandal.
Ƙarfe huɗu ba ta cika ba, duhu ya riga ya jingina da taga.

Na tsinko jan zaren ulu daga saƙar da na gaji da ita,
muka bi titi da shi, kwana bayan kwana,
shi yana dannewa da babban yatsa,
ni ina ɗaura ƙulli duk inda za mu yada zango:
ɗaya a Dovre, inda dutse ba ya sa riga,
ɗaya a Trondheim, gidan Ragnfrid, in ta huce,
ɗaya can inda itatuwa ke gajarta
har su haƙura su bar wa ƙanƙara fili.
Zare ya ƙare a Bodø.
Daga nan sai shuɗi.

Røst ɗigo ce a cikin shuɗin,
kamar ƙuda ya sauka ya tashi.
Can aka yanke cibiyar innarmu.
Ta baro shi tana da shekara sha bakwai
da akwatin kwali da takalmin yayarta,
ba ta koma ba, ba ta kuma daina zancensa ba:
kifi rataye a kan katakai yana shan iska,
ƙasa shafe kamar tafin hannu,
rana a watan Yuni mai taurin kai
da ke kaiwa bakin ruwa ta fasa faɗawa.

Hunturu tara ke nan muna wannan lissafi.
Kuɗin mai, kuɗin jirgin fito,
safa nawa, burodi nawa,
wa zai ba kyanwa abinci.
Bazara na zuwa sai rufin gida ya yi yoyo,
ko gwiwata ta ce ba da ita ba,
mu naɗe zare, mu ce baɗi.

Yau ya daɗe a sunkuye.
Ya kai hancinsa dab da takarda
yana laluben sunan da ya haddace tun muna yara.
Ya ce, "Torunn, karanta mini nan."
Na karanta.
Ya ce, "Likita ta ce idon hagu ya tafi,
na dama yana ɗaura kaya.
Sitiyari ba nawa ba ne kuma."
Ya faɗa kamar mai ba da labarin farashin dankali.

Shekara talatin da ɗaya yana jan bas,
bai taɓa taka ko bushiya ba.
Ni kuwa rabona da tuƙi
tun ranar da na rungumi shingen maƙwabci da baya.

Na tashi na ƙara gahawa a wuta
don kada ya ji yadda nake haɗiyar yawu.

Da na dawo na kwance ƙullin nan uku,
na ɗaura takwas.
Na ce, "Mai sannu ma yana kwana nesa.
Ba na wuce babbar mota, ba na shiga rami mai tsawo da waƙa,
kuma in na ce a tsaya, a tsaya."
Ya yi dariya har ya share ido.
Ya ce, "Ramukan ba sa tambayar ra'ayinki."

Gobe Lahadi, bayan an watse,
filin ajiye motoci na coci zai zama fayau.
Zai zauna a dama, inda bai saba ba,
ya koya mini giya ta baya.

Ya ɗauki fensir ya rubuta a gefen teku,
manyan baƙaƙe, a karkace:
sha ɗaya ga Yuni.
Bai sa alamar tambaya ba.

Na bar taswirar a kan tebur muka kwana.
Da safe na tarar kyanwa ta ja zaren
ta wuce da shi Bodø,
ta tsallaka ruwan.