Bishiyar da Ba Ta 'Ya'ya

Na kai Kawu Ilu lambun Brooklyn
wata Asabar cikin Afrilu,
sanyi bai gama tattara komatsansa ba.

Furen ceri ya rufe sama,
kamar an shanya auduga a kan rassa.

Manomin Funtuwa ya goya hannu:
"Yaushe suke 'ya'ya?"
Na ce, "Waɗannan ba sa yi."

Ya yi dariya har da tari.
"A biya kuɗin ƙofa
don bishiyar da ba ta cika ko ƙoƙo?"

Sai iska ta taso.
Fure a hularsa, fure a gemu.
Bai kakkaɓe ba.

Da dare na gan shi
yana adana ɗaya cikin fasfo,
gefen hoton Inna Tabawa,
Allah ya jiƙanta.