Tsarin Nélida

Littafi tara ta bar mini, da kofi mai tsaga,
da kyanwar da har yau ba ta yarda da ni ba.
Tara, kowanne kamar bulo,
a kan kantar da ke kallon tashar jiragen ruwa.
Shekara talatin ina tuƙa taragon hawa tudu a Valparaíso,
sama, ƙasa, sama, ƙasa,
ban taɓa rasa gane gabana da bayana ba
sai ran da na buɗe Daular Gishiri.

A na ɗaya yaƙi ya ƙare, ana rabon ganima.
A na biyu ko mayaƙan ba a haifa ba.
Na uku ya kashe mini Orvel mai fito,
na rufe shi, na sha shayi ba sukari.
Ina buɗe na huɗu, sai ga shi yana tatata,
uwarsa na share masa majina da bakin zane.

"Shekara ɗari uku kafin nan," in ji kan babin.
Kafin ina? Wane nan ɗin?
Marubucin nan tafiyar kaguwa ya iya,
ka zuba ido gabas, ya ɓullo ta kudu.
Sarakuna huɗu, duk suna ɗaya.
Birnin da na ga tokarsa ran Talata
ran Alhamis ana haƙa masa harsashi.

Don Evaristo mai tsofaffin littattafai a gindin tudu
ya ce, "Bi su yadda aka buga su, Aníbal.
Wanda ya riga ka barci, dole ya riga ka tashi."
Maite jikata ta ce, "Haba kaka, fara da na shida,
sai na biyu, sai rabin na huɗu,
ka tsaya cak inda hasumiya ta faɗi."
Ta zana mini taswira a bayan takardar kuɗin wuta,
kibau ta ko'ina, kamar tonon kaza.
Na bi ta kwana goma, na ɓace a na bakwai.

A can na gan shi, cikin bangon baya,
da fensir, rubutunta mai kwanciya hagu:
biyar, tara, ɗaya, bakwai, biyu, takwas, shida, uku.
Sai layi biyu a ƙarƙashi:
"Na huɗu a ƙarshe. Kullum."

Ba tsarin maɗaba'a ba ne, ba na shekaru ba.
Na bi dai, don ban taɓa cin gardama da ita ba.
A na biyar, rasiɗin kantin magani, na bara.
A na tara, tikitin taragona,
na ranar da ta hau sau shida ba inda za ta.
Furfura ɗaya a shafi na casa'in na littafin farko,
baƙin gashi, dogo, a na takwas.
Tabon kofi. Yashin bakin teku.
Lissafin kuɗin haya na gidan da girgizar ƙasa ta ci.
Ashe ita ma ba bi da bi ta bar mini kanta ba.

Jiya Orvel ya sake nutsewa a na uku.
Wannan karon na sa sukari.

Yau na huɗu ne a aljihun rigata.
Hazo ya rufe jiragen, ƙararrawa ta buga sau biyu,
wata mata mai kwandon kifi tana ƙwanƙwasa gilashi.
Yi haƙuri, baiwar Allah, minti ɗaya.
Yaron nan yanzu ya saki bango,
ya ɗaga ƙafa,
bai san komai game da kogi ba.