Abin da Darmaji Ya Bari a Apapa

Asuba ba ta gama tsagewa ba,
tireloli sun yi layi tun daga gada,
ina hura garwashi a gindin butar shayi,
iska na kawo warin gishiri da baƙin mai.

Sai ga shi, gajere, da rigar ma'aikatan jirgi,
wata uku a teku, ƙafarsa ba ta yarda da ƙasa ba.
Ya yi sallama irin tamu.
Na ce ashe na gida ne, ga benci.

Bai dubi madara ba, bai taɓa burodi ba.
Tsamiyar da na rataye a ƙusa ya nuna,
ya shinshina citta, ya ce da hannu: daka.
Daga aljihu ya zaro gangamau biyu
a ƙulle cikin tsumma kamar kuɗin tsohuwa.
Muka tafasa, muka jefa mazarƙwaila,
ruwan ya yi launin hantsi.

Jamu, in ji shi.
Uwarsa ke goya kwalabensa a kwando,
tana bin lungunan ƙauyensu a Jawa
kafin zakara ya sauko daga rumbu.
Na kurɓa. Ɗaci ya fara gaishe ni,
tsami ya biyo baya,
sai ga ni a Malumfashi, gaban murhun Inna Talle,
ina jiran kunun tsamiya ya huce.

Kashegari gahawa ya kawo a gwangwani,
ta tsibirinsu, baƙa ƙirin.
Na ɗauko rariya, ya riƙe mini hannu.
Zuba ruwan zafi kawai, ka zauna,
garin zai kwanta da kansa.
A Ikko! Inda mai danfo ke danna oda
tun kafin gabansa ya tsaya!
Amma muka zauna, ni da shi,
muna kallon kofi biyu suna yin hankali.

Ran Talata jirginsu ya yi kuka, ya juya.

Har yau turmina rawaya ne, ya ƙi wankuwa.
Direbobi in baya ya riƙe sai su ce,
Sallau, ba mu na baƙon nan.
Gahawar kuwa saura cokali ɗaya a gwangwani.
Na ƙi dafawa.
In garin nan ya ishe ni, sai in buɗe, in shaƙa,
in rufe.