Kashi Na Sha Bakwai

Daren Laraba, zauren Maikano a Zango,
tele guda bisa kifaffen turmi,
mu fiye da arba'in, gwiwa na gogar gwiwa.
Shekara biyu muna bin Tanimun da akuyarsa mai magana
suna neman rijiyar da aljannu suka ɓoye
ƙarƙashin duwatsun Birni.
A garin da ake kwana layin famfo,
wa zai ce wannan tatsuniya ce?

Amma yau da baƙi a shirin.
An ce da wata mai muryar rediyo daga Yamai,
ita ce Uwar Guguwa.
Ɗayan baƙon kuwa ga shi nan tsakiyarmu,
Kalla majemi, ƙanen babana,
ya sa rigar sallah ba sallah ba,
yana warin bagaruwa duk da turaren da ya zuba.
Tafin hannunsa suka gani a kasuwar Dole,
ja wur da rinin fata,
suka ce ga Sarkin Aljannun Rijiya,
ba sai an ɓata kwalli ba.
Jika uku suka ba shi, da kwanon shinkafa.

Sai ga shi a gilashi!
Rawanin buhu, gemun kaba,
hayaƙin da muka san na garwashin mai tsire ne.
Mata suka rangaɗa guɗa daga bayan zana.
Tanimun ya durƙusa, akuya ta yi shiru,
Sarki ya ɗaga hannu, ya buɗe baki,

wuta ta ɗauke.

Duhu. Wani jariri ya fara kuka.
Aka ruga neman batirin mota.
Kalla ya yi gyaran murya, ya ce ku zauna,
ai ni na san abin da na faɗa.
Ya faɗa mana shi cikin duhun nan:
yadda ruwa ya yi fushi da mutane,
sunan kowace rijiya da ta ƙafe tun zamanin kakarsa,
da sharaɗi bakwai kafin ya dawo.
Har aka kira isha bai kai na biyar ba.

Bara aka maimaita shirin.
Kalla ya shekara tara a ƙasa.
Na kalla a waya, ni kaɗai, bakin shagona,
jarkoki shida na jiran mai kura.
Ga rawanin, ga hayaƙin,
ga hannun, toka-toka,
don hoton bai san ja ba.
Ya buɗe baki.

"Ku koma gida," in ji Sarki.
Shi ke nan. Kalma uku.
Muryar ma ta wani ce aka ɗora.

Na mayar baya, na sake, na sake,
ina kallon leɓensa kawai.
Ɗiyata ta leƙo ta ce wane ne wannan?
Na ce jawo kujera,
sharaɗin guda bakwai ne,
huɗu na riƙe.