Haladu Ruwa

Shekara ashirin da bakwai ina buɗe wa Kaduna ruwa.
Daga Malali nake murɗa makulli,
famfon Unguwar Rimi ya yi tari,
Kabala ta fito da bokitai.
Yara na kirana Haladu Ruwa,
ina amsawa.

Yau kallon buta nake
kamar mai leƙen kunama a takalmi.

Ba ya zuwa nan take, yana da ladabi.
Sai na tsane jiki, na rataye tawul,
na zura ƙafa ɗaya a wando,
sannan ya yi sallama.
Daga ƙwauri ya hau cinya, ya bazu a gadon baya,
kamar an sheƙe gero a ƙarƙashin fatata,
kamar cinnaku sun kafa gari a jinina.
Minti arba'in. Na ƙirga da agogon bango.
Na goga baya a dokin ƙofa har fenti ya koɗe.

Lantana ta haska tocila:
ba ƙurji, ba tabo, ba ko cizon sauro.
"Malam, ni ban ga komai ba."
Da gaskiyarta.
Maganar ta fi farce yaga ni.

Mun sauya sabulu sau bakwai.
Man kaɗanya, man alayyadi, kanwa a bokiti,
ruwan zafi, ruwan randa,
har ruwan leda na saya na yi wanka, kamar wani attajiri.
Ƙanena ya ce sammu ne.
Na ce, wa zai ɓata kuɗinsa kan ɗan fansho?

A asibitin Barau Dikko likita ya dubi jan idona,
ya dubi takarda, ya ce jinina ya yi yawa, ya yi kauri.
Ɓargona famfo ne da ya ƙi rufuwa.
Na yi dariya har ya tsargu.
Ni da nake rufe na gari guda da hannu ɗaya!

Duk wata Sista Rifkatu tana ɗibar leda guda,
baƙi wuluk, kamar zoɓon da ya kwana.
Can gefe wata yarinya mai sikila
tana jiran ko da rabin leda.
Na ce a ba ta nawa.
Sista ta girgiza kai, ta ci gaba da rubutu.

Liman ya ce addini sauƙi ne, in yi taimama.
Na gangara bakin kogi, bayan Gamji,
na tsinto dutse mai sulɓi
wanda ruwa ya daɗe yana lasa.
Shi nake shafa sau biyar a yini,
kusa da tankin masallaci cike fal,
mutane na satar kallona.
Iyakar gaisuwar da ta rage kenan
tsakanina da tsohon abokin aiki.

Wanka sai Juma'a, shi ma da ciniki:
in zaɓi tsabta, in biya da fata.
Ranar ba na karɓar baƙo kafin azahar.
In hadari ya haɗo daga Kujama
ni ne farkon shiga rumfa,
ana cewa tsoho na tattalin rigarsa.

Jiya aka tsuge kamar da bakin ƙwarya.
Sagir, jikana, ya dawo daga makaranta sharkaf,
jaka a ka, yana ihu,
ya faɗo ƙirjina kafin uwarsa ta tare shi.
Sanyin rigarsa ya ratsa tawa.

Na san abin da ke tafe.
Na san ina da minti goma.
Na ƙanƙame shi,
na ce, ba ni labarin ruwan,
yi sauri, kada ka bar komai.